Agogo mai auna zuciya da tabarau mai kyamara: ina aka dosa, kuma mene ne rabonmu?

Tambaya biyu ce ke yawo a bakin mutane tun da agogunan zamani suka cika gari, daga shagunan Banex da ke Wuse 2 a Abuja har hannun ƴan tallan da ke bin motoci a gosulon Nyanya. Ta farko, shin da gaske agogon nan zai gaya wa mutum hawan jininsa da sugansa har ya huta da zuwa asibiti? Ta biyu ta ƙara ƙarfi ne bayan kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya fito da tabarau mai ɗan allo a cikin gilashinsa a watan Satumban 2025, shugabansa Mark Zuckerberg kuma yana ta nanata cewa nan gaba ta tabarau ne mutane za su riƙa hulɗa da ƙirƙirarriyar basira. Wato wayar da ke aljihunmu kwananta ya kusa ƙarewa ke nan?

A majalisar da nake zama a Kubwa an rabu gida biyu kan wannan magana. Wasu sun ce duk ƙyale-ƙyale ne na ƴaƴan masu kuɗi. Wasu kuwa sun riga sun miƙa wa agogo amanar lafiyarsu, har akwai wanda ke duba hannunsa kafin ya yanke shawarar ko zai sha maganinsa. Kowane ɓangare ya bar wani abu a baya. Akwai kuma bambanci guda da ba a cika lura da shi ba, alhali a kansa maganar duka ta rataya: agogo mai shi yake kallo, tabarau kuwa jama'a yake kallo. In agogo ya yi ƙarya, wanda ya ɗaura shi ne zai kwana a ciki. In tabarau ya yi ɓarna, wanda bai saye shi ba ne zai ji a jikinsa.

Me ake nufi da na'urar sanyawa a jiki?

Ƴar ƙaramar kwamfuta ce da ake ɗaurawa ko maƙalawa a jiki, tana auna wani abu, tana tura abin da ta auna zuwa waya. Agogo, da awarwaro mai ƙirga taku, da zobe, da abin sauraro na kunne, da tabarau, duk dangi ɗaya ne. Kowannensu yana da ma'auni, da batir, da hanyar magana da waya, yawanci ta Bluetooth.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda ake zato. Ɗan ƙirgen tasbihin nan da dattawa ke maƙalawa a yatsa yanzu ya yi ƙani, zobe ne mai haɗuwa da waya, yana ƙirga zikiri, yana kuma motsi idan lokacin salla ya yi. Bayan turmutsitsin Mina na 2015, wanda alhazan Najeriya da dama suka rasu a ciki, Saudiyya ta fito da awarwaron lantarki a Hajjin 2016 mai ɗauke da bayanan alhaji, saboda wahalar da aka sha wajen gane mamata da waɗanda suka ji rauni.

A kasuwar duniya kuwa, kamfanin Fitbit da aka kafa a 2007 yana cikin waɗanda suka fara sa mutane ƙirga takunsu. Apple Watch ya shigo a Afrilun 2015 ya mayar da abin na gayu. Amma wanda ya kawo shi hannun ɗan acaɓa da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci kamfanonin China ne, irin su Xiaomi da Huawei da oraimo, wanda gida ɗaya suka fito da Tecno da Infinix da itel. Bayan su kuma sai tarin agogunan da ba su da uba, masu kama da na Apple a fuska, sunansu kuwa yau daban gobe daban.

Yadda agogo ke ganin zuciya

Juya agogon ka dubi bayansa, za ka ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini yakan ƙaru a ƙananan jijiyoyin wuyan hannu, sai hasken da ke dawo wa agogon ya ragu, tsakanin bugu da bugu kuma ya ƙaru. Wannan raguwa da ƙaruwa ita agogon ke ƙirgawa. Dabara ce mai sauƙi, kuma idan mutum yana zaune, agogon ya kama hannu sosai, lissafin bugun zuciya yakan fito daidai ko kusa da daidai.

A 2018 Apple ya ƙara wani mataki, inda mutum zai ɗora yatsa a kan maɓallin gefen agogon na daƙiƙa 30, agogon ya zana hoton lantarkin zuciya. A asibiti ana ɗaukar wannan hoto ta fuska 12, agogo kuwa ta fuska ɗaya yake ɗauka. Abin da ya iya shi ne gano wani irin rikicewar bugu da kan sa jini ya daskare a cikin zuciya, gudan jinin ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Toshewar jijiyar zuciya, wadda ke kayar da mutum farat ɗaya, agogon ba ya gano ta, kamfanin da kansa yana faɗar haka a cikin manhajar.

Jami'ar Stanford ta gwada ma'aunin bugun zuciya na agogon Apple a kan mutum sama da 419,000, aka wallafa sakamakon a 2019. Kusan mutum 1 cikin 200 ne agogon ya yi wa gargaɗi. Cikin waɗanda aka aika wa na'urar likita suka maƙala a ƙirji bayan gargaɗin, kusan kashi 34 cikin ɗari ne aka tabbatar da ciwon a jikinsu. Masu goyon baya sukan ce, ai ga mutanen da da ba don agogo ba da ba su san suna ɗauke da ciwo ba. Masu ja kuma sukan ce, ragowar fa, da aka tayar wa hankali? Duka biyun suna da hujja, domin ciwon yana zuwa ya tafi, mai yiwuwa na'urar likita ta zo ne lokacin da ya lafa. Abin da za a ɗauka a nan shi ne aikin agogo bai wuce na ɗan aike ba, ya ce maka je ka ga likita.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Tunda da haske ake awon, launin fata yana da ta cewa, domin baƙar fata ta fi shanye haske. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano cewa ƴar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar da ke cikin jini tana kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jikin fararen fata. Na'urar asibiti ke nan, wadda aka tantance. To ina ga agogon da ba a san a jikin wa aka gwada shi ba? Haka nan duk abin da ya rufe fata yana iya rikita awon. Apple ya yarda cewa zanen tawada a fata yana hana ma'aunin aiki yadda ya kamata, likitoci kuma sun daɗe da sanin baƙin lalle a yatsa yana ruɗa na'urar auna iska. Amarya da ƙawayenta sai su san wannan.

Suga da hawan jini: nan ne ake cin kasuwar mutane

Wata rana a gosulo wani yaro mai talla ya turo mini agogo ta taga, ya ce, “Alhaji, wannan har suga yana aunawa, ba allura ba jini.” Na karɓa, na ɗaura shi a jikin ledar ruwan da ke kusa da ni, na danna. Bayan ɗan jim sai ga lamba ta fito, ledar ruwa lafiyarta ƙalau, suganta daidai, jininta bai hau ba. Yaron ya yi dariya, ni ma na yi. Shi ma sayar masa aka yi, haka aka gaya masa.

Dariyar ta tsaya ne da na tuna masu ciwon suga nawa ne za su gaskata wannan lamba. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi ƙarara cewa kada kowa ya yi amfani da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Manyan kamfanoni sun shafe shekaru suna zuba kuɗi a wannan bincike ba su kai gaci ba, sai a ce wani agogon da ake sayarwa ta tagar mota ne ya riga su? Haɗarin a fili yake. Mai allurar insulin da ya dogara da lambar ƙarya zai iya yin allurar da ta wuce kima, sugansa ya faɗi ya suma, ko ya bar allurar alhali jikinsa yana bukata.

Na'urar gaskiya mai bin suga dare da rana tana nan. Wani ɗan faifai ne da ake mannawa a dantse ko a ciki, yana da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, ana canja shi bayan kwana 10 zuwa 14 gwargwadon irinsa. Shi ne ke awon, ya tura wa waya, agogo kuma ya nuna lambar kawai. Wannan ne ya sa wasu ke rantsuwa sun ga agogo yana nuna suga a hannun wani, kuma ba ƙarya suka yi ba, faifan da ke ƙarƙashin riga ne ba su gani ba.

Hawan jini ya ɗan fi sassauci, amma shi ma da sharaɗi. Agogon Samsung yana ba da lamba, sai dai dole a riƙa daidaita shi da abin awon dantse na gaske duk bayan mako 4. Huawei ya yi wani mai suna Watch D wanda igiyarsa ke kumbura ta matse hannu kamar na asibiti. Apple kuwa da ya shigo maganar a Satumban 2025 bai yarda ya ba da lamba ba sam, sai dai agogon ya lura da yanayin jijiyoyin mutum na tsawon kwana 30, in ya ga alama ya ce masa ya je a auna shi. Idan mai kuɗin bincike irin na Apple ya ji tsoron faɗar lamba, ya kamata a yi shakkar wanda ke faɗarta cikin daƙiƙa goma.

Ina dagewa a kan wannan ne saboda hawan jini ya yi mana katutu. Binciken da ake yi a Najeriya yana nuna kusan 1 cikin manya 3 yana ɗauke da shi, da yawa kuma ba su sani ba sai ranar da suka yanke jiki suka faɗi. Magidancin da ke da kuɗin abu ɗaya tak, abin awon dantse da ake samu a kemis ya fi masa agogo amfani nesa ba kusa ba, kuma gida duka zai amfana, har da maƙwabta.

Maganar taku 10,000 a rana kuwa, wadda agogo ke yi wa mutum tafi in ya cika, ba daga likita ta samo asali ba. Wani kamfanin Japan ne ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965 ya raɗa mata suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, sai sunan talla ya zama kamar doka. Binciken baya-bayan nan ya nuna amfanin tafiya yana farawa tun kafin a kai nan. Duk da haka ban raina ƙirgen ba. Mai tura baro a kasuwar Wuse ba ya bukatarsa, amma ma'aikacin da ke fita daga gida ya shiga mota, ya sauka a Sakatariya ya zauna har la'asar, ganin ɗan abin da ya taka a wuni yana iya ba shi kunyar da za ta tashe shi.

Tabarau: faɗuwar farko da dawowa

Google ne ya fara gwada sa'arsa. A 2013 ya sayar wa masu son gwaji tabaransa mai suna Google Glass a kan dala 1,500. Abin ya yi kama da kayan ɗakin tiyata, ga kyamara tsirara a gefen ido. Gidajen sinima da wasu wuraren shaƙatawa a Amurka suka hana shiga da shi, mutane suka riƙa kallon mai shi da zargi. A Janairun 2015 aka daina sayar wa jama'a, aka koma sayar wa masana'antu, a 2023 aka rufe babin baki ɗaya.

Meta ya ɗauki darasi daga nan, sai dai darasin da ya ɗauka shi ne abin dubawa. Ya fahimci cewa kyamarar da ake gani ita ke korar mutane, don haka ya haɗa kai da kamfanin da ke yin tabarau na Ray-Ban, aka saka kyamara da makirufo da ƴar lasifika a cikin tabaran da ba ka bambance shi da na kowa. Na farko ya fito a 2021, na biyu a 2023 a kan dala 299, shi ne kuma ya karɓu. Mai shi yana amsa waya, yana ɗaukar hoto da bidiyo, yana tambayar ƙirƙirarriyar basira abin da ke gabansa ta amsa masa a kunne. Na 2025 mai allo, wanda aka sa wa dala 799, yana zuwa da wani awarwaro da ke karanta motsin tsokar hannu, mutum ya ɗan murza yatsu hannunsa na kan cinya, tabarau ya bi umarni. Google ma ya dawo fagen tare da Samsung da wasu masu ƙera tabarau, Xiaomi ya fitar da nasa a China. In China ta shiga abu, mun san nan da ɗan lokaci zai iso plaza da araha.

Amfaninsa na gaske ne ga wasu mutane. Makaho zai iya ɗaga kwalin magani ko takarda a gaban fuskarsa a karanta masa, ko ta manhajar Be My Eyes a haɗa shi da wani mai gani da zai riƙa kallo ta kyamarar yana yi masa jagora, hannunsa ɗaya na riƙe da sanda ɗayan a sake. Bakanike a Apo da ke ƙarƙashin mota, hannu duk baƙin mai, zai iya nuna wa maigidansa abin da yake gani ba tare da ya taɓa waya ba.

Idon da ba ya sallama

Rayuwarmu an gina ta ne a kan sanin wanda ke kallo. Shi ya sa ake rubuta “ba shiga” a ƙofar gida, ake sallama sau uku, ake cewa a gyara ga baƙo nan zai shigo. Ko a gidan biki da wayoyi suka yi yawa, idan wata ta ɗaga waya ana gani, mai son gyara mayafi ta gyara, mai son kauce wa ta kauce, wata ma ta ce don Allah kada a ɗauke ni. Ɗaga waya shi kansa wani irin sanarwa ne. Tabarau ya shafe wannan sanarwar. Mai gyaran wuta da aka shigo da shi tsakar gida, da tela mai awo, da wanda ke tsaye a bayanka lokacin da kake danna lambar sirri a wurin mai POS, kowannensu kallo kawai zai yi.

Meta ya ce ya sa ɗan farin haske da ke kunnuwa idan ana ɗauka, kuma in aka rufe hasken tabaran ba zai fara ɗauka ba. Amma da tsakar ranar Abuja wa ke ganin ɗan haske kamar ƙwayar gero? Mutum nawa ne ma suka san ma'anarsa? Masu kwaikwayo da za su biyo baya kuwa babu wanda zai tilasta musu sa hasken.

A Oktoban 2024 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard sun nuna inda abin zai iya kaiwa. Sun haɗa tabaran Meta da wata manhajar gane fuska da ke intanet, suka riƙa kallon baƙin mutane a hanya, cikin ɗan lokaci sunan mutum da adireshinsa su bayyana a wayarsu. Sun ce don faɗakarwa suka yi, ba su saki manhajar ba. A ƙasar da masu garkuwa da mutane ke neman sanin wane ne ɗan wane, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba.

Masu kare tabaran suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce wanda aka tsare a shinge ana neman na goro, ko wanda ya faɗa hannun ƴan wan-cans masu yi wa fasinja fashi a mota, kyamarar da ba a gani ita ce shaidarsa. Na yarda da wannan. Amma sau nawa mai tabarau zai gamu da azzalumi, sau nawa kuma zai gamu da matar maƙwabcinsa? Addini ma ya riga ya yi magana a kan leƙen asirin mutane, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana shi ƙarara.

Masu shirya jarrabawa sun riga kowa farkawa. Hukumar JAMB, mai hedkwata a Bwari, ta daɗe da hana shiga ɗakin jarrabawa da agogon hannu. Tabarau ya fi wuya, domin ɗalibin da likita ya rubuta wa gilashi ba za a ce ya cire idonsa ba, sai dai mai sa ido ya koyi bambancewa.

Ina bayanan ke tafiya?

Agogon da ke hannu dare da rana ya san lokacin barcin mutum da tashinsa, da hanyar da yake bi, da lokacin da gida ba kowa. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna sansanonin sojojin Amurka a ƙasashe irin su Afghanistan da Siriya, saboda sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne, layin gudunsu ya zana sansanin. A 2017 Jamus ta haramta wasu agogunan yara masu bari a saurari abin da ke faruwa kusa da yaro daga nesa, bayan an lura iyaye na amfani da su wajen sauraren malamai a aji.

Maganar agogon yara tana da jan hankali a wurinmu saboda tsoron satar mutane. Yana da amfani wajen sanin ko yaro ya isa makaranta ko Islamiyya. Amma da layin waya yake aiki, inda babu sabis ba ya cewa komai, kuma abin da ke hannu a fili shi ɓarawo zai fara cirewa. Idan manhajar ba ta da tsaro kuwa, ba uba kaɗai ke iya ganin inda yaron yake ba.

Muna da doka. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, aka kafa hukumar kare bayanai ta NDPC a nan Abuja, dokar kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan ƴan Najeriya. Wato babban kamfani mai suna da adireshi ana iya kama shi. Manhajar agogon da ba shi da uba fa, wadda kafin ta buɗe sai ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da saƙonninka da hotunanka? Wanda ya ga yadda manhajojin bashi suka riƙa tura wa dangi da surukai saƙon cin mutunci ya san abin da lambobin waya ke iya yi a hannun marar tsoron Allah. Banza ba ta kai zomo kasuwa, agogon da ya yi araha fiye da kima wani abu ake ci a bayansa. Sannan dokar ta fi fuskantar kamfanoni da hukumomi. Mutumin da ya ɗauke ka da tabarau a wurin ɗaurin aure, tsakaninka da shi sai doguwar shari'a.

To, za su kashe waya?

Ba nan kusa ba. Wani kamfani mai suna Humane ya gwada, ya fito da wata ƴar na'ura da ake maƙalawa a gaban riga a kan dala 699 a Afrilun 2024, da alƙawarin za ta maye gurbin waya. Tana zafi, tana jinkirin amsa, batir ba ya jimawa. A Fabrairun 2025, ko shekara ba a cika ba, aka kashe ta, kamfanin kwamfuta na HP ya sayi ragowar Humane, waɗanda suka saya kuma na'urar ta zama musu abin ado.

Matsalar ta batir ce da zafi. Ƙafar tabarau ba ta ɗaukar babban batir, abin da ke kan fuska kuma ba a so ya yi ɗumi. Shi ya sa cajin tabaran Meta sa'o'i kaɗan yake yi, nauyin aikin kuma waya da intanet ke ɗauka. Agogon Apple ma kusan kullum sai an yi masa caji. A unguwar da ba ta cikin rukunin Band A na masu samun wuta sosai, inda ake rububin soket idan an kawo wuta, ƙarin abin caji ba ƙaramin aiki ba ne. Ga data, wadda aka amince a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ga farashi, dala 799 a canjin 2025 ta haura naira miliyan ɗaya, fiye da albashin shekara guda na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ga gyara, domin yawancinsu a manne suke da gam, in batir ya mutu masu gyaran waya ba su da abin yi.

Sai harshe. Tabarau da baki ake sarrafa shi, manhajojin kuma Turanci da wasu manyan harsunan Turai suka fi ji. Makahon da zai fi kowa amfana, in Hausa kaɗai yake ji, sai ya jira. Ana aiki a kan koya wa kwamfuta Hausa, a gida da waje, amma daga ɗakin bincike zuwa tabaran da zai karanta wa tsohuwa takardar asibiti da Hausar da za ta gane akwai sauran tafiya.

Abin da nake hasashe shi ne agogo zai ci gaba da sauka ƙasa a farashi, gargaɗin lafiya na gaske da yanzu ke cikin masu tsada zai gangaro zuwa matsakaita, jabu kuma zai ci gaba da riga na gaske isowa. Mai yiwuwa ma abin da zai fi taɓa rayuwar mutane ba a ido ko a hannu yake ba, a kunne yake. A Satumban 2024 hukumar FDA ta amince a yi amfani da AirPods Pro 2, abin sauraro na kunne na Apple, a matsayin na'urar taimaka wa ji ga masu ƙaramin rauni zuwa matsakaici. Dattijon da ke jin kunyar sa na'urar asibiti ba zai ji kunyar sa abin da jikansa ke sawa ba, kuma da zarar masu araha sun kwaikwayi wannan da kyau, gidaje da yawa za su huta da ɗaga murya.

Tabarau kuwa, kafin Majalisar Tarayya ta waiwaye shi, masu makarantu da bankuna da ɗakunan biki da kwamitocin masallatai ne za su fara yanke hukunci a ƙofofinsu, kamar yadda suka yi da waya. Maigadi da uwar biki za su bukaci sanin abin da za su duba. A na Meta, ƙananan da'ira biyu ne a kusurwoyin sama na gaban tabaran, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ɗaya kyamara ɗaya fitila, ƙafafuwansa kuma sun fi na tabaran da aka saba kauri.